Kwamfutar malami ba tasa ba ce shi kaɗai

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 7 kuwa tun 14 ga Janairu 2020 aka sallame ta, Windows 8.1 kuma a Janairun 2023. Amma duk wanda ya leƙa ofishin darakta ko ɗakin malamai a makarantunmu, daga Tawa zuwa Damagaram, su zai tarar bisa tebur suna ta aiki. In ka yi magana a ce maka: "Mushe, ai tana tashi, tana rubutu, tana fitar da takarda. Me ya rage?" Ni a ganina da saura, kuma abin da ya rage ɗin amanar ƴaƴan mutane ce.

Bari in fara da yadda abin yake, don iyayen da ba su saba da na'urar ba. Windows ita ce uwar manhaja, a kanta Word da Excel da sauransu suke zaune. Mutane ne suka rubuta ta, saboda haka ba a rasa kafa a jikinta. Duk Talata ta biyu a wata, kamfanin yana fitar da gyaran da ke toshe kafofin da aka gano, abin da masu gyaran kwamfuta ke kira mizajur. Kamar yaɓen gidan ƙasa ne kafin damina. Ranar da aka daina aiko gyaran, gidan bai rushe ba, yaɓen ne aka daina. Wani abin kuma: duk sanda aka toshe kafa a Windows 11, ɓarayin intanet suna nazarin gyaran su gane inda kafar take. Da yake tsohuwar Windows da sabuwa sun haɗa gini a wurare da yawa, sau tari kafar tana nan buɗe a tsohuwar, ba mai toshe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An ga haka a fili a watan Mayun 2017, lokacin da wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kama na'urori sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Tana kulle duk takardun da ke ciki, ta nemi fansar dalar Amurka 300. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita kusan 19,000. Abin takaici, Microsoft ya riga ya fitar da maganin tun watan Maris, wata biyu kafin annobar. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su saka shi ba. To ina ga na'urar da ba a ma aiko mata maganin?

Wani zai ce wa zai damu da kwamfutar malamin koleji a Gidan Rumji ko Matamaye? Irin wannan cuta ba ta zaɓen gida. Tana bin duk ƙofar da ta samu a buɗe, ta intanet ko ta kile ɗin da muke yawo da shi. Kile guda zai shiga kwamfutar darakta da safe, da rana yana shagon fotokopi, da dare yana gidan abokin aiki. Wane ne a cikinmu bai taɓa buɗe kile ya tarar duk takardunsa sun ɓace ko sun ƙi buɗuwa ba?

Yanzu mu duba abin da ke cikin kwamfutar malami. Akwai makin ɗalibai na shekara guda. Akwai sunayensu, da ranar haihuwa, da hotunan takardun haihuwa na ƴan ajin BEPC da BAC, da lambobin wayar iyaye. Akwai tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna. Na ga makarantar da makin zango guda ya salwanta ana saura ƴan kwanaki a raba sakamako. Malamai suka kwana suna tono tsofaffin takardu, abin da ba a samu ba aka cike shi da kintace. Akwai yaron da wucewarsa aji ko maimaitawarsa ta rataya a kan wannan kintacen, kuma iyayensa ba su sani ba har yau. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ko ba doka, uban da ya miƙa maka takardar haihuwar ɗansa ajiya ya ba ka.

Bayan haɗari akwai tsufa. Chrome ya daina sabunta kansa a Windows 7 da 8.1 tun farkon 2023. Sannu a hankali shafuka suna ƙin buɗuwa, sabuwar na'urar buga takarda ta ƙi haɗuwa da tsohuwar kwamfuta. Su ma kamfanonin antibirus, da mutane ke dogaro da su, suna janyewa daga tsofaffin Windows ɗaya bayan ɗaya.

Na san abin da abokan aikina za su ce, kuma suna da hujja. Windows 11 ta haura giga 5, ga tsadar forfe, ga wutar da ke ɗaukewa aiki na tsaka. Sannan ba kowace na'ura take karɓa ba: tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da RAM aƙalla giga 4, da ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama ko makamanciyarta. Yawancin na hannu da ake kawo mana daga Turai sun girmi haka. Ƙari a kan wannan, wasu masu gyara suna saka Windows ta sata su kashe sabuntawa da gangan, mai kwamfuta bai ma sani ba. Albashin malami kuma kowa ya san iyakarsa. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a naɗe hannu, alhali akwai hanyoyin da ba su kai kuɗin sabuwar kwamfuta ba.

In na'urarka tana karɓar Windows 11 kuma Windows ɗinka ta halal ce, hawan kyauta ne. Mutum ɗaya ya sauko da ita a kile, malaman makaranta duka su amfana. In ba ta karɓa, Microsoft ya ba masu Windows 10 ƙarin wa'adi na gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, amma sai an yi rajista, kuma jinkiri ne kawai. Hanya mai ɗorewa ga tsohuwar na'ura ita ce Linux Mint ko Ubuntu: kyauta ne, ana sabunta su, suna da Faransanci, kuma LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel. Sati guda ya isa hannu ya saba. Wanda duk bai iya waɗannan ba, ya raba tsohuwar da intanet kwata-kwata, ya hana baƙon kile shiga. Kowace hanya ka bi, ka fara kwafe takardunka a wuri biyu, makin yara kuma a fitar da shi a takarda duk ƙarshen zango.

Iyaye, ku ma da naku. In za ku saya wa yaro kwamfuta zai tafi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ko Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, kada ku tsaya ga kyan jiki da ƙarfin batir. Ku ce mai shago ya kunna ta gabanku, ya nuna muku wace Windows ce a ciki, kuma sabuntawa tana tafiya. Araha ba ta ado, balle ranar da kundin kammala karatu ya kulle a ciki. A taron COGES na gaba kuma, bayan maganar alli da tebura, wani uba ya ɗaga hannu ya tambayi darakta: kwamfutar da ke riƙe da sunayen ƴaƴanmu, yaushe rabon da a sabunta ta? In amsar ta yi wuya, a ware ƴan jakkuna daga asusun makaranta, a kira mai gyara amintacce kafin lokacin jarrabawa ya matso.