Kuɗin Bas a Bar Wa Bas

Jama'a, yau alƙalamina ya tsallaka birnin Houston na Jihar Teksas a Amurka, domin akwai wani rabo da ake yi a can wanda ni dai ban ga adalci a cikinsa ba.

A 1978 mutanen yankin suka kaɗa ƙuri'a aka kafa hukumar sufuri ta METRO, suka amince a riƙa ƙara musu senti ɗaya a kan kowace dala ta sayayya don a samar da motocin haya na jama'a. Shekara goma bayan haka, a 1988, sai aka shigo da wani tsari: kashi 25 cikin 100 na wannan haraji a riƙa miƙa wa birnin Houston da gundumar Harris da ƙananan garuruwa 14, su yi tituna da shi. Aka sabunta a 2003, aka sake a 2012, a 2019 kuma aka ja shi har zuwa 2040. Wato yaron da aka haifa ranar da aka fara rabon zai haura hamsin kafin a daina, in ma an daina ɗin.

Masu kare tsarin suna cewa ai bas ma a kan titi yake tafiya, kuma ƙananan garuruwan suna biyan harajin alhali bas bai cika leƙa su ba. Na ji. Amma maganin garin da bas ba ya zuwa shi ne a kai masa bas. Su kuma tituna marayu ne? Suna da harajin mai, wanda Teksas ta bar shi a senti 20 kan galan tun 1991, saboda babu ɗan siyasar da ke son ya taɓa aljihun mai mota. An ji tsoron mai mota, an koma kan wanda ba shi da ita.

Mai karatu, ka duba wanda ke biyan harajin sayayya. Mai sharar ofis da mai wanke kwanoni a gidan abinci kusan duk abin da suka samu a kasuwa yake ƙarewa, don haka su ne abin ya fi ci. Su ne kuma ke tsaye a bakin titi cikin zafin Houston (wanda ya san watan Agusta a can ya san ba wasa ba ne) suna jiran bas. A karɓi kuɗinsu da sunan sufuri, a ɗebe rubu'i a gyara wa masu motoci hanya? Haba! Ita METRO kuwa ba ta da inda za ta cike giɓin, domin doka ta tsayar da jimlar harajin sayayya a kashi 8.25, kuma Houston ta riga ta kai can.

Da ma faɗaɗa titi na kashe cunkoso da sai mu yi shiru. Babbar hanyar Katy da aka gama faɗaɗawa a 2008 ta ci kusan dala biliyan 2.8, amma ba a yi shekaru da yawa ba ta sake cushewa.

Za a ce ai jama'a ne suka zaɓa. To, a 2019 an ɗaure rabon ne tare da rancen dala biliyan 3.5 na faɗaɗa sufuri a tambaya guda, mai son bas ba shi da damar ya karɓi ɗaya ya ƙi ɗaya. A raba tambayar biyu mana mu gani. A 2024 kuma aka jingine layin bas mai sauri na University da aka yi musu alƙawari, ana kukan tsada, rabon tituna kuwa ko senti ɗaya ba a taɓa ba.