Ba Kowace Mantuwa Ce Gigin Tsufa Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da muka mai da ita abin wasa, wato "gigin tsufa".

Kakata tana zaune tare da mu a Babban Giji. Shekara da shekaru ita ce uwar adashin matan layinmu, ba ta da littafi, duk lissafin a ka yake. Har yau tana iya gaya maka yadda ake sayar da kwanon gero kafin a canja fam da sule zuwa naira a 1973. Ran nan ta manta inda ta ajiye carbinta, sai muka kwashe da dariya muna cewa, "Hajiya, gigi ya zo!" Har da bakina a ciki, wai wasan jika da kaka. Muka yi ta maimaitawa kullum. Da na koma hutu sai na tarar ta miƙa wa wata adashin. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ai kun ce na ruɗe. Ina ni ina riƙon kuɗin mutane?" Yanzu ko hira ake yi a tsakar gida, ɗaki take shigewa.

To, ni sau nawa na manta makullin akwatina a ɗakin kwananmu? Ba wanda ya ce gigi ne, sakaci ake cewa.

Masana ma sun gwada wannan. A 1996 wata masaniya a Amurka, Becca Levy, ta riƙa gilma wa tsofaffi kalmomi a kwamfuta. Waɗanda aka nuna wa kalmomin yabo irin su "hikima" tunawarsu ta ƙaru, waɗanda aka nuna wa na raini kuwa tasu ta ragu. A 2002 ita da abokan aikinta sun duba rayuwar mutum 660 a jihar Ohio, suka ga masu kyautata zato ga tsufansu sun fi sauran daɗewa a duniya da kimanin shekara bakwai da rabi.

Ban ce babu ciwon mantuwa ba. Akwai shi, amma wanda ya kama likita yake bukata, ga asibitin Malam Aminu Kano nan kusa da mu. Kakata dai ba ta da shi. Ranar da zan dawo makaranta ita ta tuna wa Baba cewa bai ba ni kuɗin mota ba.