Kafin Ka Sa Laminet A Ɗakinka, Tsaya Ka Karanta

Yanzu a Ikara, Makarfi da Kudan, in ana gyaran ɗakin amarya ko sabon gida, sai ka ji wani ya ce a sa "katako" maimakon tayil ko leda. Ni dai a ganina laminet abu ne mai kyau, amma in za ka riƙe shi yadda muke riƙon daɓen siminti, gara ka bar kuɗinka a aljihu.

Ka fara sanin abin da kake saya. Ba katako ne zalla ba. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977, kuma hawa huɗu gare shi: falle na ƙasa mai hana shi lanƙwashewa, garin katako da aka matse a tsakiya, takarda mai hoton katako, sai siririn rufi mai tauri a sama. Tsakiyar nan ce lagonsa. Ruwa na shiga ta mahaɗa sai ya kumbura kamar burodi a shayi, kuma ya tafi ke nan. Ba a kankare shi a sake fenti kamar katakon gaske, sai dai a cire a sa wani.

Don haka tun wajen shimfiɗawa ka tsaya a kan mai aikin:

1. Siminti ya bushe sosai, musamman in da damina aka yi daɓen, sannan a shimfiɗa leda mai tare laima a ƙasa.
2. Kwalayen su kwana biyu a cikin ɗakin kafin a fara aiki.
3. A bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin bango, don yana buɗewa in iska ta yi laima. In babu tazarar, sai ya yi tozo a tsakiyar ɗaki.
4. Ka duba lambar jikin kwali. AC3 ya wadatar a gida.

Sai kulawar yau da kullum. Uwargida, kar ki sheƙa bokitin ruwa da omo. Tsumma mai ɗan danshi, a matse shi sosai, ya isa. Buta ta zauna a waje. Yara sun sha rake ruwan ya ɗiga? A goge nan take. Da hunturu kuwa yashin da takalmi ke kwasowa shi ke karce shi, don haka a ajiye tabarma a bakin ƙofa, a riƙa shara da tsintsiya mai laushi. Kaskon turaren wuta kuma kar ya sauka a kansa kai tsaye, garwashi ɗaya ya isa ya bar tabon da ba ya fita.

Shawarata: ka sa shi a ɗakin kwana. Kicin, bakin banɗaki da falon da kowa ke shiga da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ka bar wa tayil. Allah Ya sa albarka a abin da aka kashe.