Kafin a Jera Dakarun Sumer a Kan Tebur, Me Ya Kamata a Karanta?

Akwai wani wasa da ya daɗe da kafuwa a Turai da Amurka, inda akan sayi ƴan ƙananan mutum-mutumin sojoji na dalma ko na roba, waɗanda tsayinsu bai wuce gaɓar yatsa ba, a yi musu fenti, a jera su a kan tebur, sannan a kwaikwayi yaƙe-yaƙen da suka shuɗe bisa rubutattun ƙa'idoji. Tun a 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa irin waɗannan ƙa'idoji a littafinsa mai suna Little Wars. Daga cikin al'ummomin da masu wasan kan zaɓa akwai Sumeriyawa, mutanen da suka gina birane irin su Ur da Uruk da Lagash a kudancin ƙasar Iraƙi ta yau, tsakanin kogunan Dijla da Furat. Sai dai duk wanda ya zaɓe su yakan yi karo da tambaya guda: wane karatu ne zai sa waɗannan dakaru su yi rai a idonsa?

Yawancin masu wasan sukan fara da littattafan da ke fayyace tufafi da makamai, kamar Armies of the Ancient Near East na Nigel Stillman da Nigel Tallis, wanda ya fito a 1984. Irin wannan littafi yana da amfani ga mai fenti, amma bai kamata ya zama mafari ba. Yana nuna abin da soja ya riƙe a hannu, dalilin fitowarsa daga gida kuwa sai an nema a wani wurin. Karatun da ya fi daɗi kuma ya fi amfani shi ne wanda ya bi rigima guda ɗaya daga tushenta, kuma a tarihin Sumer babu wadda ta fi rigimar Lagash da Umma cancanta.

Ruwa ba ya tsami banza. Biranen biyu maƙwabtan juna ne, a tsakaninsu kuma akwai wani fili mai albarka da ake kira Gu'edena, wanda ake noman sha'ir a cikinsa da ruwan magudanu. Mesilim, sarkin Kish, ya taɓa shata musu iyaka ya kafa dutsen shaida, amma hakan bai kashe wutar ba. Kimanin shekara 150 aka yi ana tumɓuke dutsen iyaka, ana jayayya kan magudanun ruwa da kan sha'ir ɗin da Lagash ke cewa Umma ta ƙi biya. Jerrold Cooper ya tattara rubuce-rubucen sarakunan da suka yi wannan faɗa, ya fassara su a wani ɗan ƙaramin littafi na 1983 a kan rikicin iyakar Lagash da Umma. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: a nan mai karatu zai ji sarakunan da kansu suna fahariya, suna zargi, suna tsinuwa.

Bayan rubutu sai hoto, domin gani ya kori ji. Abubuwa biyu ne ginshiƙin abin da aka sani game da sifar sojan Sumer. Na farko shi ne Dutsen Ungulaye da ke gidan tarihi na Louvre a Faransa, wanda Eannatum, sarkin Lagash, ya sa aka sassaƙa wajen shekara ta 2450 kafin Miladiyya don tunawa da nasararsa a kan Umma. A jikinsa ana ganin dakaru sanye da kwalkwali, sun yi sahu kafaɗa da kafaɗa a bayan manyan garkuwoyi, masu sun fito ta tsakaninsu, ungulaye kuma na ɗauke da kawunan waɗanda aka kashe. Na biyu shi ne akwatin da ake kira Tutar Ur, wanda Leonard Woolley ya tono a makabartar sarakunan Ur a shekarun 1920, yanzu kuma yana gidan tarihin Birtaniya a Landan. Shi ne ke nuna kekunan yaƙi masu ƙafa huɗu na dunƙulallen katako, kowanne da matuƙi da mayaƙi. Wanda ya saba da labarin barade da lifidi sai ya gyara tunaninsa a nan, domin babu doki a wannan fage. Dabbobin da ke jan keken dangin jaki ne, kuma masana da dama na ganin cewa barbarar jakin gida ce da jakin daji, wadda ake kira kunga.

Wani zai ce duk wannan karatun masana ne, mai neman nishaɗi gara ya ɗauki labarin Gilgamesh. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai a lura da abu guda. Sanannen dogon labarin da harshen Akkad aka rubuta shi, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin Eannatum, kuma batun mutuwa da neman dawwama ya fi damunsa a kan dabarun yaƙi. Abin da zai yi wa mai wasa rana shi ne gajeriyar waƙar Sumer ta Gilgamesh da Aga, inda dattawan Uruk suka ba da shawarar a miƙa wuya ga Kish, samari suka ce a yi yaƙi, daga bisani Aga ya kewaye ganuwar birnin. Fassararta ta Turanci tana nan kyauta a taskar adabin Sumer da Jami'ar Oxford ta ajiye a intanet. Mai son shimfiɗa mai sauƙin karantawa game da rayuwar yau da kullum kuwa, sai ya nemi History Begins at Sumer na Samuel Noah Kramer, wanda ya fito a 1956. Ya tsufa, bincike ya wuce wasu bayanansa, amma har yanzu yana riƙe mai karatu.

Akwai kuma ƙorafi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi: kusan duk labarin rigimar daga bakin Lagash ya fito, mutanen Umma kuwa a kullum su ne masu laifi. Haka ne, kuma a nan ne darasin yake. Mai wasan da ya karɓi rundunar Umma tilas ya tambayi kansa me manomanta suke nema, kuma me ya sa suka yi ta dawowa bayan kowace nasarar da Lagash ta ce ta samu. Wannan ita ce tambayar da masanin tarihi kan yi wa kowane rubutu da mai nasara ya bari.

Ƙarshen labarin ma abin lura ne. Wajen shekara ta 2350 kafin Miladiyya, Lugalzagesi na Umma ya afka wa Lagash a zamanin Urukagina, ya ƙona wuraren ibadarta. Bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba Sargon na Akkad ya ci shi da yaƙi, ya kai shi Nippur da ƙangi a wuya. Biranen da suka ƙare ƙarfinsu a kan gona guda, sai ga su duka a hannun baƙo. Wanda ya san wannan kafin ya ɗauki burushin fenti, ba zai ƙara kallon dakarunsa a matsayin guntayen dalma ba.