Tsaron Yanki Ba Tsayuwar Mutum-mutumi Ba Ne

A hutun da ya wuce na je kallon wasan ƙwallon kwando tsakanin wata makarantar sakandare ta wajen Kiru da wata ta Tudun Wada, kuma abin da na gani ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yara biyar sun jeru gaban kwandonsu, biyu a gaba, uku a baya, kowa ya ɗaga hannuwa ya kafe wuri guda. Malaminsu na gefe yana ta cewa, "Kowa ya tsare wurinsa!" Abokan karawarsu kuwa sai miƙa wa juna ƙwallo su ke yi, har ɗayansu ya sami sarari a kusurwa ya jefa, ba mai ce masa kanzil. Duk wanda ya taɓa tsaron tsuntsu a gonar shinkafa ya san ƙarshen mutum-mutumi: kwana biyu tsuntsaye su ke tsoronsa, ran na uku a kansa su ke sauka.

Wannan tsari shi a ke kira tsaron yanki, watau kowane ɗan wasa ya kula da wani sashe na fili maimakon ya bi mutum guda. Tsarin kansa ba shi da laifi. Da shi Jim Boeheim ya shahara a Jami'ar Syracuse, har ya ci kofin jami'o'in Amurka a 2003, ita ma gasar NBA, wadda ta daɗe tana haramta shi, ta halatta shi a 2001. Laifin namu ne, da mu ka mai da shi hanyar hutawa.

Na san hujjar malamai, ban kuwa raina ta ba. Ƙwallo guda ce, yara talatin, fili na turɓaya. Tsaron yanki a kan shirya shi cikin yammaci ɗaya, ga shi yaran ƙauye ba su iya jifa daga nesa ba, saboda haka a kan ci wasa da shi. To, amma wannan cin nasara ce bisa raunin wani. Ran da aka kai yaran nan Kano, su ka haɗu da waɗanda su ka tashi suna kallon Kano Pillars, masu jefawa daga bayan layin mita 6.75, ranar za a gane an cuce su.

Maganin ba ya bukatar kuɗi. Da fari a koya wa yaro tsaron mutum-da-mutum, ya iya durƙusa gwiwa da tafiya a kaikaice, gama wanda bai iya tare mutum ɗaya ba ba zai iya tsare yanki ba. Sa'an nan a tsai da masu hari biyar a kewaye, su riƙa miƙa ƙwallo kurum, ba jifa, ba bugawa a ƙasa. Masu tsaro su motsa gaba ɗaya tun ƙwallo tana sama, kada su jira ta sauka. Malami ya busa usur ba zato, kowa ya tsaya cik, a tambaye shi: wa ka ke tsaro yanzu? In sun ƙware, a ƙara mai hari na shida, su ɗanɗana wuya.

Akwai kuma maganar murya, wadda ni a ganina ta fi duka wahala, domin an tarbiyyantad da mu kada mu ɗaga murya gaban malami. A fili wannan kunyar hasara ce. Na tsakiya a baya shi ke ganin kowa, tilas ya riƙa kiran "Bayanka!" da "Nawa ne!" Haka nan in ƙwallo ta bugi allo ta dawo, mai tsaron yanki ba shi da mutumin da aka ɗora masa, sai a saba masa ya fara sa bayansa jikin wani kafin ya dubi ƙwallo.

'Yan'uwana ɗalibai masu zuwa gwajin koyarwa, da masu yi wa ƙasa hidima a Bebeji ko Doguwa, sau da yawa ku a ke miƙa wa filin wasa don ba mai so. Minti 15 kowace yamma sun isa. Ni dai na sayi usur, hutu mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma Kiru.