Ƙafa Ɗaya, Kalmomi Biyu: Abin da Ke Salwanta Tsakanin Baki da Takarda

Bahaushe na kiran gaɓarsa tun daga ƙugu har zuwa yatsu da suna guda, wato ƙafa. Bature ya raba ta biyu: *leg* daga ƙugu zuwa idon sawu, *foot* kuma abin da ke shiga takalmi. A ilimin halittar jiki da ake koya wa likitoci ma'anar *leg* ta ƙara tsukewa, domin a can tana nufin tsakanin gwiwa da idon sawu kaɗai, cinya kuwa sunanta daban. Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin hirar masu nahawu. A ganina lamari ne da ya shafi lafiya da haƙƙin mutane.

A duba kudancin Kano. Manomin shinkafa a Tudun Wada, da mai kamun kifi a madatsar ruwa ta Tiga, da direban da ke ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, duk da ƙafa suke neman abinci, kuma ita ce ke fara gamuwa da fartanya, da maciji, da haɗarin mota. Idan ɗayansu ya je asibiti, da Hausa zai yi ƙorafi, amma da Turanci za a rubuta katinsa. Ya faɗi kalma ɗaya, marubuci kuma tilas ya zaɓi ɗaya cikin biyu. In ya zaɓa ba tare da ya duba ko ya tambaya ba, likitan da za a tura wa takardar a birnin Kano zai karanta abin da maras lafiya bai faɗa ba. Gyambo a tafin ƙafar mai ciwon suga da kumburi a sha-raɓa ba hanya ɗaya suke nuna wa likita ba.

Haka abin yake a kotu. A Bagauda akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, inda ake koyon aiki da Turanci zalla, alhali yawancin shaidun da ɗaliban za su tarar a Arewa da Hausa za su yi bayani. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma damar samun tafinta kyauta, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan shaida ya ce an sari mutum a ƙafa, tafinta ya ce *foot*, rahoton likita kuma ya ce *leg*, lauya mai wayo ya sami saɓanin da zai rushe shaida da shi, saɓanin da bai taɓa fita daga bakin mai shaidar ba.

Ko a karin magana tarkon na nan. Bahaushe in ya ce ana jan ƙafa, jinkiri yake nufi. Bature in ya ce ana jan *leg* ɗinka, zolayarka ake yi, jinkirin kuwa da *foot* yake faɗarsa. Ƙafar awon fili, mai santimita 30.48, ita ma *foot* ce, yayin da *leg* na tafiya shi ne abin da fatake ke kira zango.

Wasu za su ce wannan naƙasu ne ga Hausa. Ba haka ba ne. Muna da cinya, da gwiwa, da ƙwauri, da sha-raɓa, da idon sawu, da dunduniya, da tafin ƙafa. Kalmomin suna nan, tambayar ce ba a yi. Ya kamata makarantun koyon aikin jinya da na lauyoyi su mayar da ita doka ga ɗalibansu: duk wanda ya ji an ce ƙafa, kafin alƙalami ya taɓa takarda, ya ce, "A ina a ƙafar? Nuna mini."