Ko da Kuɗinka, Sai da Rabonka

Duk lokacin da kakar zaɓe ta gabato, akan ji mutane a majalisu da bakin kasuwa suna faɗar magana guda, cewa mai kuɗi ya riga ya ci, ranar jefa ƙuri'a cika sharaɗi ne kurum. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tarihin Maiduguri bai yarda da ita duka ba.

A shekarar 1978, da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa, kaɗan ne daga cikin 'yan takara suka kai Alhaji Waziri Ibrahim dukiya. Attajiri ne na Borno, tsohon minista a Jamhuriya ta Farko. Da suka saɓa da abokan tafiyarsa a jam'iyyar NPP, sai ya fita ya kafa tasa, GNPP, da taken siyasa ba da gaba ba. Jam'iyyar ta kai Alhaji Muhammadu Goni gidan gwamnati a Maiduguri a 1979, ta kuma ci Gongola. Amma a zaɓen shugaban ƙasa, shi ne ya zo na biyar cikin mutum biyar. Malam Aminu Kano, wanda kowa ya san bai tara abin duniya ba, ya ɗara shi da ƙuri'u fiye da dubu 40. Dukiya ta gina jam'iyya, ta sayi motoci, ta buɗe ofisoshi, amma ba ta iya ƙetara da mai ita zuwa inda ba a san shi ba.

Haka aka sake gani a 2011. Sanata Ali Modu Sheriff, yana kan kujerar gwamna bayan shekara takwas, ga dukiya ga mulki, ya nemi kujerar Majalisar Dattawa ta Borno ta Tsakiya, wadda Maiduguri take cikinta. Ahmed Zanna na PDP ya kayar da shi.

Misali mafi girma kuwa daga Abuja ya fito. A watan Disamba na 2014 jam'iyyar PDP ta shirya liyafar neman gudunmawa, aka bayyana cewa an tara naira miliyan dubu 21 a dare ɗaya. Dokar zaɓe ta 2010 ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da naira miliyan dubu 1, mutum guda kuma kada ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 1. Da aka yi ƙorafi, sai aka amsa cewa kuɗin na jam'iyya ne, ba na ɗan takara ba. Ta wannan ƙofa raƙumi ya wuce da kayansa, doka tana tsaye tana kallo. Duk da haka, a watan Maris na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya faɗi. A Borno, inda dubban mutane suke gudun hijira saboda ta'addancin Boko Haram, ƙuri'unsa ba su kai dubu 26 ba, Janar Muhammadu Buhari kuwa ya haura dubu 470. Wanda aka kora daga Bama ko Gwoza, yana kwana a harabar makaranta, ba atamfa da sabulu ne za su sauya masa zuciya ba.

To, sai dai kada wannan ya ruɗi kowa. Wurin da kuɗi yake yin ɓarnarsa ya rigayi ranar zaɓe nesa. Talakawa miliyoyi suna da wuyar saye, amma wakilan jam'iyya da suke tsayar da ɗan takara ana iya ƙidaya su. A taron PDP na 2022, wakili ɗaya aka ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, wato Borno mai ƙananan hukumomi 27 ba ta cika ko motar safa ɗaya ba, kuma da ƙuri'u 371 aka samu ɗan takarar shugaban ƙasa. Jaridu sun cika da labarin dalolin da suka yi yawo a tarukan manyan jam'iyyun biyu a wannan shekara. Tun kafin nan ma an riga an tace masu nema: APC ta sayar da takardar neman shugabanci naira miliyan 100, ta gwamna miliyan 50. Malamin makaranta mai mutunci a Yerwa, ko ya fi kowa farin jini, ina zai samo wannan? Idan talaka ya isa rumfar zaɓe, sunayen da ya tarar a takarda an daɗe da zaɓa masa su, shi dai ya ɗauki ɗaya.

Dokar zaɓe ta 2022 ta ɗaga iyakar, ta ba ɗan takarar shugaban ƙasa naira miliyan dubu 5, na gwamna miliyan dubu 1, mai gudunmawa kuma miliyan 50. Ta tanadi ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya ƙetare haddi da gangan. Tarar kuwa kashi 1 ce cikin 100 na iyakar. Ke nan a ƙarƙashin wannan doka ta 2022, mai neman gwamnan Borno da ya watsa kuɗi yadda ya ga dama, in har an kama shi, an gurfanar da shi, alƙali ya zaɓi tara, naira miliyan 10 zai biya, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya riga ya ba jam'iyya don sayen takarda.